Yaya Wuyar Jin Turancin Mutanen Sikotland Take?

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta aiko da wannan tambaya. Ta ce ta sami aiki a wani asibiti da ke kusa da birnin Glasgow na Sikotland, ta ci jarrabawar Turancin da ake buƙata, kuma labaran BBC ba su taɓa ba ta wahala ba, amma da ta kalli bidiyon hirar da aka yi da mutanen birnin a bakin titi, sai ta ji kamar ba Turanci suke yi ba. Tana so ta san ko haka kowa yake magana a can, da kuma tsawon lokacin da kunne yake ɗauka kafin ya saba.

Malama, ba haka kowa yake magana ba, kuma shi kansa wanda kika ji a bidiyon ba haka yake magana da kowa ba. Wuyar lafazin mutanen Sikotland tana hawa da sauka gwargwadon garin mai magana, da irin gidan da ya tashi, da kuma wanda yake yi wa maganar a wannan lokacin. Wannan na ƙarshen ne aka fi mantawa da shi, alhali shi ne zai fi shafarki a wurin aiki.

Sai an ɗan koma tarihi kafin a gane dalili. Ban da Turanci, ƙasar tana da harsunan gado guda biyu. Akwai Gaelic, wanda ɗan'uwan harshen mutanen Ireland ne, kuma bai yi kama da Turanci ko kaɗan ba. Ƙidayar 2011 ta nuna masu magana da shi wajen 57,000 ne, kuma ya fi ƙarfi a tsibiran yamma, saboda haka da wuya ya zame miki matsala. Wanda ya shafe ki shi ne Scots. Tushensa ɗaya da Turanci, amma ya yi ɗaruruwan shekaru yana bunƙasa a kan hanyarsa, har ya zama harshen fada da na shari'a da na waƙa lokacin da Sikotland take da sarkinta da majalisarta. Daga baya martabarsa ta yi ƙasa. Bayan sauyin addini na 1560, lokacin da ƙasar ta bar ɗariƙar Katolika ta koma ta Furotesta, Baibul ɗin da ya shiga majami'u da gidaje na Turancin Ingila ne. A 1603 Sarki James na Shida ya gāji sarautar Ingila ya koma Landan da fadarsa, sannan a 1707 aka haɗe majalisun ƙasashen biyu. Rubutu da makaranta da ofis suka koma Turanci, amma bakin talakawa bai bar Scots ba. A ƙidayar 2011, kimanin mutum miliyan 1.5, cikin al'ummar da ta ɗan haura miliyan 5, suka ce suna magana da shi.

Abin da ya fito daga wannan tarihi shi ne magana mai matakai. A can sama akwai daidaitaccen Turancin Sikotland, wanda nahawunsa da kusan duk kalmominsa irin waɗanda kika karanta a makaranta ne, furuci kawai ya bambanta. A can ƙasa akwai Scots tsantsa. Yawancin mutane suna tsakani, kuma suna hawa suna sauka ba tare da sun lura ba. Likitar da za ta yi miki bayani a taron safe da Turancin da ba za ki rasa kalma ɗaya a ciki ba, ita ce za ta juya ta yi wa wata tsohuwa majinyaciya magana ki ji rabi ya wuce ki. Idan kika saurari jawabin Gordon Brown, wanda ya yi firaministan Birtaniya daga 2007 zuwa 2010, ko na Nicola Sturgeon, ko na Humza Yousaf, waɗanda suka taɓa shugabantar gwamnatin Sikotland, za ki ji su tas. Masu kallon ƙwallo kuwa sun san yadda maganar Alex Ferguson, ɗan unguwar Govan a Glasgow, takan yi nauyi idan ransa ya ɓaci bayan wasa, lokacin da yake kocin Manchester United. Bidiyon da kika kalla an ɗauke shi ne daga matakin ƙasa, kuma masu shirya irinsa sukan zaɓi waɗanda maganarsu ta fi kauri saboda su ne ke jawo masu kallo.

Ta fuskar sauti, Bahaushe yana da wata fa'ida da Bature ɗan Landan ba shi da ita, kuma ba a cika faɗin haka ba. Turancin da aka koyar a makarantunmu tun zamanin Kwalejin Katsina samfurin kudancin Ingila ne, wanda ba a furta "r" a cikinsa bayan wasali, shi ya sa muke cewa "ka" da "fam" a maimakon car da farm. Mutanen Sikotland suna furta ta, kuma tsofaffi da mutanen karkara sukan kaɗa ta kusan yadda muke furta ra-garen da ke cikin "arba'in". Da farko wannan yakan ba da mamaki, amma cikin 'yan kwanaki sai ki ga taimako ne, domin furucin ya fi kusa da rubutu. Wasulan da ke cikin face da goat, waɗanda ɗan Landan yake lanƙwasawa su zama tagwaye, a Sikotland tilo ne, "fes" da "got" masu ɗan tsawo, kamar yadda yawancin 'yan Nijeriya suke faɗa. Sautin da ke ƙarshen loch, wato tafki, shi ne harafin خ da duk wanda ya yi makarantar allo ya sani. Shi kuwa abin da baƙi suke kuka da shi cewa mutanen Glasgow suna haɗiye "t" a water da butter, ba haɗiyewa ba ne, hamza ce suke sa wa a gurbinta, irin wadda take tsakiyar "sa'a" da "a'a". Da zarar kin san cewa duk inda kika ji hamza a tsakiyar kalma ko ƙarshenta "t" ce, kin buɗe babbar ƙofa. Har ma suna da ɗabi'ar da muke da ita ta cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu: film yakan zama "filam", arm ya zama "aram", girl kuma "giral", har baƙo ya ɗauka kalma mai gaɓa biyu aka faɗa.

Inda kunnenmu yake yaudararmu shi ne tsawon wasali. A Hausa tsawo yana sauya ma'ana, kamar tsakanin garin da ake zaune a ciki da garin tuwo, saboda haka mun saba dogara da shi wajen rarrabe kalmomin Turanci. A Sikotland tsawon wasali yana bin wata ƙa'ida dabam, wadda masanin harshe A. J. Aitken ya bayyana, har ake kiranta da sunansa. A taƙaice, wasali yana tsawo ne idan ya zo kafin "r", ko kafin sautuka irin su "v" da "z", ko a ƙarshen kalma. A sauran wurare gajere ne. Saboda haka need da food da bead, waɗanda kika saba ji a miƙe, za su zo miki a datse. Ƙari a kan haka, wasu kalmomin da Ingila ta raba su, a can furucinsu ɗaya: pull da pool, full da fool, cot da caught. Wasulan fern da fir da fur kuwa, waɗanda muka koya a matsayin abu guda, mutane da yawa a can sun raba su uku. Sannan gajeren wasalin da ke cikin bit da pill da fish yakan sauko a bakin mutanen Glasgow har ya kusanci "bet" ko "bat". Wannan na ƙarshen ya fi ruɗa ma'aikatan lafiya, domin pill da sick da six kalmomi ne na kullum a ɗakin majinyata. A Glasgow akwai kuma karin murya da yake tashi a ƙarshen jimla, har bayani ya yi kama da tambaya, ki tsaya kina neman amsar da ba a nema ba.

Da mai magana ya ƙara gangarowa wajen Scots, kalmomin kansu suke sauya kama. House da out da down sukan koma "hus" da "ut" da "dun", wanda shi ne tsohon furucin da Ingila ta bari tun ƙarnuka da suka wuce. Home da stone su zama "hem" da "sten", head ya zama "hid". "L" ta ƙarshe takan faɗi, all ya zama "o", ball ya zama "bo". Waɗannan suna bin ƙa'ida, kuma wanda ya kama misali biyu ko uku zai iya hasashen sauran.

A ganina, duk wannan bai kai haɗarin ƙananan kalmomi ba, kuma a nan nake so ki fi mai da hankali. To da do da from da with da give da have sukan zama tae, dae, fae, wi, gie, hae. Kowace jimla tana ɗauke da biyu ko uku daga cikinsu, kuma su ne suke haɗa gaɓoɓin magana. Idan sun ɓace miki, sai ki riƙa tsintar sunaye da aikatau ba tare da sanin yadda suka danganta da juna ba. Wannan ne ainihin abin da ya sa kika ji kamar ba Turanci ake yi ba. Mafi muhimmanci a cikinsu ita ce korewa. A maimakon can't da don't da didn't da haven't, za ki ji cannae, dinnae, didnae, havnae, wato an liƙa wata gajeriyar gaɓa "ne" ko "ni" a wutsiyar kalma, ba tare da an ƙarfafa ta ba. Not kuma yakan zama "no" kawai, kamar a "A'm no weel", ma'ana ba ni da lafiya. Majinyacin da ya ce "A didnae take it" yana gaya miki bai sha maganin ba, amma kunnen da bai saba ba zai iya kama "did" da "take" ya rubuta cewa ya sha. Ba na jin akwai wani abu a lafazin ƙasar da ya fi wannan cancantar ki horar da kunnenki a kansa kafin ki tashi.

Bayan su sai kalmomin da kika sani sarai amma ma'anarsu ta sha bamban, waɗanda sun fi baƙin kalmomi sharri, domin baƙuwar kalma takan sa mutum ya tambaya, sananniya kuwa sai ya wuce da tabbacin ya gane. Idan aka ce miki "Where do you stay?", gidan da kike zaune ake tambaya, ba masauki ba. "How?" a Glasgow sau da yawa "don me?" take nufi. Messages cefane ne. Mind tana nufin tunawa. Greet kuka ne, saboda haka idan aka ce yaro yana greetin, ba gaisuwa yake yi ba. "The back of nine" tana nufin tara ta ɗan gota, "the morn" kuma gobe. Aye ita ce "e", amma "aye, right" da wata irin murya gatse ne, ma'anarta a'a. Jag allura ce, kuma wannan har a bakin likitoci za ki ji ta. Wee, wato ƙarami, tana shiga ko'ina don tausasa magana, ko abin ba ƙarami ba ne. Idan tsohuwa ta kira ki hen, ba kaza ta ce miki ba, kalmar ƙauna ce da ake kiran mace da ita, kamar yadda ake kiran namiji pal ko son.

Akwai kuma kalmomin jiki da na ciwo, waɗanda jarrabawar Turanci ba ta taɓa tambayar kowa ba: sair ciwo, oxter hammata, lug kunne, een idanu, boak yunƙurin amai, hoast tari, stookie filastar karaya, peely-wally wanda ya yi fari fat saboda rashin lafiya, wabbit wanda ya galabaita. Yaro wean ne a yamma, bairn a gabas. Ba su da yawan da za su gagara, kuma abokan aikinki za su ji daɗin koya miki su.

Game da yankuna, Glasgow da garuruwan da ke kewaye da ita su ne suka yi suna, amma ba su ne ƙarshen wuya ba. Arewa maso gabas, wato Aberdeen da karkararta, inda ɗalibai da ma'aikatan man fetur 'yan Nijeriya suke da yawa, tana da karin da ake kira Doric, wanda ko ɗan Glasgow yakan sha wuya da shi. Sauran mutanen Sikotland suna furta farkon what da where da "hw", su kuwa mutanen Doric sun mai da shi "f": fit, far, fan, fa, a maimakon what, where, when, who, kuma gaisuwarsu "Fit like?" ce. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, tun da irin wannan musaya ce tsakanin Basakkwacen da ke cewa "hwari" da Bakanen da ke cewa "fari". A Dundee pie yakan zama "pe". Tsibiran Orkney da Shetland, waɗanda suke ƙarƙashin sarautar Norway har zuwa 1468 da 1469, suna da nasu karin mai ɓurɓushin harshen mutanen arewacin Turai. Abin mamaki shi ne yankin tsaunuka da tsibiran yamma, duk da nisansa da Ingila, shi ne ya fi sauƙin ji, kuma Inverness ta yi suna wajen tsabtar furuci. Dalili kuwa kakanninsu Gaelic suke yi, a makaranta suka koyi Turanci daga littafi, ba su bi ta Scots ba. Masu hali na Edinburgh ma maganarsu ba ta ba baƙo wahala.

Kada ki ɗauka rauninki ne. A watan Oktoba na 2018, a majalisar dokokin Birtaniya, David Linden, wakilin gabashin Glasgow, ya yi tambaya, Sir Paul Beresford, ɗan majalisar da zai ba da amsa, haifaffen New Zealand, ya nemi ya maimaita, Linden ya maimaita, Beresford bai dai gane ba, har aka ba da shawarar a yi abin a rubuce. Binciken da Rachael Tatman ta wallafa a 2017 ya nuna cewa na'urar YouTube mai rubuta magana ta fi yin kuskure a kan 'yan Sikotland cikin rukunonin masu Turancin da ta gwada. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne na Patti Adank da Jane Stuart-Smith da abokan aikinsu a 2009. Sun sa mutanen kudancin Ingila da na Glasgow sauraron jimloli da lafazin wuraren biyu, wani lokaci cikin hayaniya. Mutanen kudancin Ingila sun yi jinkiri wajen fahimtar lafazin Glasgow idan akwai hayaniya, su kuwa mutanen Glasgow ba su sami bambanci tsakanin lafazin biyu ba, saboda tun suna yara suke jin na Ingila a rediyo da talabijin. Abu biyu za ki ɗauka daga nan. Wuyar ba a jikin lafazin take ba, rashin sabo ne. Sannan hayaniya ce take fito da ita, kuma ɗakin majinyata wuri ne na ƙarar na'urori da takunkumi a baki da kiran waya, don haka ki sa ran cewa a waya da lokacin miƙa aiki ne za ki fi jin jiki.

Batun tsawon lokaci, binciken da aka yi a kan yadda kunne yake sabawa da baƙon lafazi ya nuna sabon yakan fara cikin mintuna idan mutum ɗaya ake saurare, kuma sauraron mutane daban-daban ne yake sa sabon ya yi aiki a kan wanda ba a taɓa ji ba. Ra'ayina shi ne makonnin farko za su gajiyar da ke ƙwarai, har ki riƙa komawa gida kanki yana ciwo. A cikin wata na farko abokan aikin da kike gani kullum za su zama masu sauƙi. Baƙin majinyata, da waya, da barkwancin ɗakin hutu inda mutum huɗu suke magana a lokaci guda, waɗannan za su ɗauki watanni.

Kafin ki tashi, ki bar bidiyon barkwanci, ki fara da labaran BBC Scotland ko tashar talabijin ta STV da zaman majalisar Sikotland da ke Holyrood, inda ake magana a matakin sama. Idan wannan ya zauna, ki koma shirye-shiryen BBC Radio Scotland da jama'a suke bugo waya, musamman na ƙwallon ƙafa, domin a nan ne za ki ji talakawa suna magana da zafi, ta waya, ba tare da ganin bakinsu ba, wato daidai yanayin da zai fi ba ki wahala. Ki tambayi yadda ake furta sunayen wurare da na mutane, domin rubutunsu ba abin dogaro ba ne: Milngavie "Malgai" ake cewa, Kirkcudbright "Kirkubri", sunan Menzies kuma a gargajiyance "Mingis".

A wurin aiki, cewa "sorry?" kawai ba ta cika amfani ba, domin mutum yakan maimaita abin da ya faɗa ne da ƙarfi, da lafazi iri ɗaya. Ya fi kyau ki faɗi abin da kika fahimta da kalmominki, ki tambaya ko haka ne. Wannan yakan sa mai magana ya hau mataki na sama da kansa. Duk abin da ya shafi adadin magani, ko lokaci, ko an sha ko ba a sha ba, ki maimaita shi da baki, idan ta waya ce ki nemi a rubuta a takardar majinyaci. Ba sai kin kwaikwayi lafazinsu ba, ko da yake aye da wee za su shiga bakinki ba da saninki ba. Ki kuma tuna cewa su ma za su yi ɗan lokaci kafin su saba da naki, musamman wajen "p" da "f" da Hausawa da yawa suke cakuɗawa. Waɗanda za su daɗe suna ba ki wuya su ne tsofaffin da ciwon mantuwa ko zafin ciwo ya mai da su maganar ƙuruciyarsu, ba sa iya hawa matakin sama ko sun so. A irin wannan hali ki kira mataimakiyar jinya 'yar garin, ko wani daga dangin majinyacin, ya tsaya kusa da ke har a gama tambayoyin.